Hanyoyin Zuwa Tsibirin Bali Daga Jakarta: Ƙofar Baƙi Da Ƙofar Mutanen Gida

A daren 2 ga watan Yuli na shekarar 2025 wani jirgin fito mai suna Tunu Pratama Jaya ya tashi daga tashar Ketafan, a ƙarshen tsibirin Jawa ta gabas, ya nufi tsibirin Bali. Bai yi fiye da rabin sa'a bisa ruwa ba sai ya kife ya nutse. Takardar lodinsa ta nuna mutum 65, watau fasinja 53 da ma'aikata 12, da kuma motoci 22. Mutum 30 aka ceto da rai. Sauran, waɗansu an sami gawarsu, waɗansu ko ruwa ya tafi da su. Wannan hasara ita ce ta sa muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda ake tafiya daga Jakarta, hedkwatar mulkin Indonesiya, zuwa wannan tsibiri da duniya ta sani wajen shan iska, gama a cikin hanyoyin nan akwai abin lura ga kowace gwamnati.

Alhazanmu sun san mutanen Indonesiya sarai, don ba ƙasar da ta fi ta yawan Musulmi, kuma kowace shekara akan haɗu da su a Makka da Madina. Ƙasar tsibirai ce, sun fi 17,000. Jakarta tana yammacin tsibirin Jawa, Bali kuwa tana daura da Jawa ta gabas, tsakaninsu da Jakarta kamar mil 600 ne in an miƙe ta sama. Mutanen Bali sun ɗara miliyan 4 bisa ga ƙidayar da aka yi cikin 2020, galibinsu kuwa addinin Hindu suke bi. Mashigin tekun da ya raba tsibiran biyu, inda ya fi ƙunci, bai wuce mil ɗaya da rabi ba, har wanda ke wannan gaɓa yana hangen waccan. Amma igiyar ruwansa tana da ƙarfi ƙwarai.

Hanya ta fari ita ce ta jirgin sama. Mutum ya tashi daga filin jirgin Sukarno-Hatta da ke bayan garin Jakarta, kafin sa'a biyu ta cika ya sauka a filin Ngurah Rai kusa da Denfasar, babban birnin Bali. Sai dai ya tura agogonsa gaba da sa'a guda, don lokacin Bali ya riga na Jakarta. Jirage suna ta kai da kawowa tun asuba har dare. Wannan ita ce hanyar baƙi, da manyan ma'aikata, da attajirai, da duk wanda ke da halin biya.

Hanya ta biyu ita ce ta jirgin ƙasa. Tun cikin 2024 akwai jirgin da ke tashi daga tashar Fasar Senen cikin Jakarta, ya ratsa Jawa daga wannan kai zuwa wancan, ta Semaran da Surabaya, har Ketafan. Tafiyar ta fi mil 600, tana cin sa'a 16 da 'yan kai. A nan dogo ya ƙare, gama ba hanyar jirgin ƙasa a Bali. Fasinja ya sauka, ya taka kaɗan zuwa bakin ruwa, ya shiga jirgin fito.

Hanya ta uku ita ce ta mota, ko bas ko lori ko motar gida. Hanyar nan tana da tarihi mai ɗaci. Cikin 1808 wani gwamnan Holanda mai suna Daendels ya sa aka fara sharar babbar hanya daga yammacin Jawa zuwa gabashinta da aikin tilas, talakawa dubbai suka mutu a kanta. A zamanin nan kuwa, cikin 2018 aka gama haɗa Jakarta da Surabaya da babban titi wanda ake biyan kuɗin hawa, tafiya ta ragu ainun. Amma har shekarar 2025 titin bai isa Ketafan ba, saura sai a bi tsohuwar hanya. Bas daga Jakarta zuwa Denfasar yakan yi wajen yini da kwana.

To, ga abin lura. Mai jirgin ƙasa da mai mota duka a wuri guda suke haɗuwa, watau mafitar Ketafan. Daga nan jiragen fito ke ƙetarewa zuwa Gilimanuk a gaɓar Bali, dare da rana, tafiyar kamar sa'a guda. Wanda ya sauka Gilimanuk kuma da sauran mil 80 a gabansa kafin Denfasar, bisa hanya mai ƙunci cike da manyan motoci, wadda takan ci sa'a uku ko huɗu. Ashe in an duba da kyau, hanyoyin nan uku ƙofa biyu ce kurum: ƙofar sama da ƙofar ruwa.

Ƙofar sama ta sha gyara. Tun zamanin Turawan Holanda aka fara kawo baƙi Bali, cikin shekarun 1920, a jiragen ruwa masu sauka a arewacin tsibirin, har aka gina musu masauki a Denfasar cikin 1928. Bayan samun mulkin kai, Shugaba Sukarno ya sa aka gina babban otal a bakin tekun Sanur da kuɗin diyyar yaƙi da Japan ta biya, aka buɗe shi cikin 1966. Filin jirgin Ngurah Rai ya fara karɓar manyan jiragen ƙasashen waje cikin 1969. Da za a yi taron shugabannin ƙasashen Asiya da Fasifik cikin 2013, sai aka sāke ginin filin, aka kuma shimfiɗa titi mai mil 8 bisa ruwa don manyan baƙi su isa masaukinsu ba tare da cunkoso ba. Cikin 2022 kuma a Bali aka yi taron shugabannin manyan ƙasashe ashirin.

Ba mu ce kuɗin nan an zubar da su a banza ba. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Baƙi 'yan ƙasashen waje da suka shiga Bali cikin 2019 sun fi miliyan 6, haka kuma cikin 2024. Tun watan Fabrairu na 2024 kowane baƙo yana biyan harajin shiga, rufiya 150,000. Da annobar korona ta rufe filin jirgin, kowa ya ga abin da ƙofar sama take riƙe da shi: arzikin Bali ya ragu da fiye da kashi 9 cikin ɗari a 2020, kuma baƙin waje da suka sauka kai tsaye a dukan shekarar 2021 ba su kai ɗari ba. Masu otal, da direbobi, da masu sassaƙa, da mata masu talla a bakin teku, kowa ya ji a jikinsa.

Amma fa baƙon da ya sauko daga sama bai zo da abincinsa ba. Kayan miya, da siminti, da ƙarfen gini, da kayan shago iri iri, da yawansu daga Jawa suke zuwa a bayan lori, lorin kuwa sai ta hau jirgin fito. Magina da leburori da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda ke barin garuruwansu na Jawa su zo neman abinci, ta nan suke bi. In ƙaramar Salla ta gabato, layin motoci da babura a Gilimanuk yakan yi tsawon mil da yawa, masu komawa gida suna kwana a kan hanya. Hatta wutar lantarkin Bali, wani sashenta ta waya take zuwa daga Jawa a ƙarƙashin wannan mashigi, kuma a farkon watan Mayu na 2025, da aka sami tangarɗa, tsibirin ya yi sa'o'i cikin duhu. Duk adon da baƙo ke gani a kudancin Bali, a kan wannan ɗan mashigin ruwa yake zaune.

To, yaya ake riƙon wannan ƙofa? Nutsewar jirgin 2025 ba ita ce ta fari ba. Cikin watan Maris na 2016 jirgin fito Rafelia 2 ya nutse a mashigin nan. Cikin watan Yuni na 2021 wani mai suna Yunicee ya kife dab da Gilimanuk. Duka an yi hasarar rai. Watau jirage uku cikin shekara goma, a ruwan da ake hangen gaɓarsa. Hukumar binciken haɗura ta ƙasar, da ta duba na 2025, ta ba da labari cewa lodin da aka yi masa ya ninka abin da aka ƙayyade masa fiye da sau uku, motocin da ke ciki ba a ɗaure su ba, ruwa kuma ya shiga ta ƙofar ɗakin inji da aka bari a buɗe. Har wa yau an sami waɗansu daga cikin mamatan waɗanda sunansu bai fito a takardar lodi ba, don bas ko lori yakan shiga da mutane, a rubuta mota, a ƙyale na cikinta.

Masu karatu su gwada wannan da abin da ake yi a filin jirgin sama. Can ba mai hawa sai an ga takardar shaidarsa, ba akwatin da zai shiga sai an ɗora shi a ma'auni, jirgin da lodinsa ya wuce ƙa'ida kuwa ba ya tashi ko wane ne a ciki. Ƙasa ɗaya ce, ma'aikatar sufuri ɗaya ce ke duba ƙofofin biyu. Ilmin da ake bukata a bakin ruwa bai kai na filin jirgi wuya ba, kuɗinsa ma bai kai ba. Ma'aunin mota, da sarƙar ɗaure ta, da magatakarda mai rubuta sunan kowa, da jami'in da ke da ikon cewa jirgin nan ba ya tashi, su ke nan.

Lalle akwai uzurin da akan kawo, kuma ba ƙarya ba ne. Bayan haɗarin 2025 hukuma ta tsayar da waɗansu jirage don a bincika lafiyarsu, nan da nan layin lori ya miƙe mil da yawa daga Ketafan, direbobi suka kwana a hanya, kaya suka makara. Masu jiragen fito kuma, waɗanda da yawansu 'yan kasuwa ne, sun daɗe suna kukan cewa kuɗin fito da gwamnati ta yanka bai isa gyaran jirgi ba. A ganinmu wannan cunkoso shaida ne cewa an daɗe ana riƙe da mafitar da lodi fiye da kima, ana rufe ƙarancin matsaya da na jirage masu lafiya da kasadar rayukan talakawa. Maganinsa a ƙara matsayar jirage, a yanka kuɗin fito na gaskiya, in talaka ba zai iya ba gwamnati ta cika.

Waɗansu za su ce, me zai hana a yi gada? Tun cikin 1960 wani masanin gine-gine na ƙasar, Farfesa Sedyatmo, ya kawo wannan shawara, kuma Indonesiya ta nuna tana iyawa, gama cikin 2009 ta buɗe gadar da ta haɗa Surabaya da tsibirin Madura, mai tsawon fiye da mil 3. Amma shugabannin Bali da malaman addininsu sun ƙi. A tatsuniyarsu ta kaka da kakanni, da gangan aka raba tsibirinsu da Jawa. Suna kuma tsoron in an yi gada motoci da jama'a za su yi musu ambaliya, al'adarsu ta narke. Mutane ne masu riƙon abinsu: sau ɗaya a shekara, ranar sabuwar shekararsu da suke kira Nyefi, akan rufe filin jirgin sama da tashoshin ruwa yini da kwana, ba mai shiga ba mai fita. Muna ganin ƙinsu abin girmamawa ne. Sai dai wanda ya ƙi gada ya zaɓi jirgin fito ke nan, ya kuwa zama wajibi a kansa ya tsaya a gyara shi.

Ko don amfanin baƙin ma ya kamata a yi haka. Bali ƙasar duwatsu masu aman wuta ce. A ƙarshen watan Nuwamba na 2017 dutsen Agun ya yi aman toka, aka rufe filin jirgin fiye da kwana biyu, dubban matafiya suka rasa mafita. Waɗanda suka matsu sai suka hau bas zuwa Gilimanuk, suka ƙetare a jirgin fito, suka nufi Surabaya. Ran nan baƙo da lebura benci guda suka zauna.

Cikin 2022 aka aza harsashin sabon titi mai kamar mil 60 daga Gilimanuk zuwa kusa da Denfasar, amma aikin ya tsaya. Ana kuma ta zancen gina filin jirgin sama na biyu a arewacin Bali. Mu dai shawararmu ita ce a fara da bakin ruwa. Kafin a aza tubalin sabon fili, a tabbata kowace lori an auna ta a Ketafan da Gilimanuk, kowace mota an ɗaure ta, kowane fasinja an rubuta sunansa, kuma jami'in da ya saki jirgi da lodi fiye da ƙa'ida ya gurfana gaban shari'a. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma kiyaye matafiya a tudu da ruwa.