Kama da Wane Ba Ta Wane: Kafin Ka Ajiye Maciji a Gida

Mai karatu, idan kana zaune ko kana aiki a kewayen Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ba sai an gaya maka yadda ɓera ya zame wa jama'a alaƙaƙai ba. Ga sito-sito na hatsi da fulawa, ga tarkacen fata daga majemu, ga magudanan ruwa da suka toshe, ga kuma tsofaffin masana'antun da aka rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Duk inda ɓera ya samu wurin zama irin wannan, maciji ba ya nisa, domin abincinsa yake bi.

Daga nan ne wata shawara take fitowa mai kama da hikima: tunda akwai macizai marasa dafi da ke cin ɓera, me zai hana a kama ɗaya a ajiye? Matasa kuma suna kallon bidiyo a TikTok da Instagram, inda Turawa ke nuna macizai masu launi a akwatin gilashi, suna naɗe su a wuya kamar carbi, sai sha'awa ta motsa. Ra'ayina a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti shi ne, kada ka ajiye maciji a gidan da iyali suke, ko don ɓera ko don sha'awa. Ga dalilaina.

Gaskiya ne akwai dangin macizai da ake kira masu cin ɓera, waɗanda ba su da dafin da ke cutar da mutum. Wanda ya fi shahara a cikinsu ɗan Amurka ne, an daɗe ana kiwonsa har ya saba da hannu. Akwai kuma waɗanda ba a cika samu ba, daga Sin da Taiwan da Indonesiya, waɗanda masu sha'awa ke rububi saboda kyawun launinsu. A can, mai saye yana karɓar macijin daga wanda ya ƙyanƙyashe shi, da sunansa da asalinsa, kuma akwai likitan dabbobi da ya san shi. A nan Kano, wanda za a miƙo maka a buhu an kamo shi ne daga daji ko daga kango, shaidar da kake da ita kawai ita ce bakin mai sayarwa.

Wannan shaida ba ta isa a ɗora ran yaro a kanta ba. Akwai maciji mai cin ƙwai, marar dafi, wanda zanen bayansa ya yi kama da na kububuwa, har yana goga jikinsa ya yi irin sautinta. Wanda ya ɗauki kububuwa a zaton mai cin ƙwai ne ya ɗauki ajalinsa da hannunsa. Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai shiga rami, masana suna kiransa Atractaspis, wanda ake rikita shi da macijin gida marar cutarwa. Shi wannan ko an riƙe shi ta bayan kai yana iya zaro haƙori ta gefen baki ya soki yatsa.

Masana ma sun sha yin wannan kuskure. A shekarar 1957, Karl Schmidt, ƙwararren masanin macizai a gidan tarihi na Field da ke Chicago, ya riƙe wani ɗan macijin bishiya na Afirka yana dubawa, ya sare shi a yatsa. Bai je asibiti ba, domin yana ganin ƙaramin maciji irin wannan ba zai yi kisa ba. Washegari ya rasu, jini yana tsiyaya a cikin jikinsa. Idan wanda ya ƙare rayuwarsa a nazarin macizai ya yi wa rogo ganin kitse, ina ga mai gadin sito ko ɗan sakandare?

Yanzu bari in kai ka ɗakin ajiyar magani, inda na fi sani. Mutane da yawa suna zaton allurar dafin maciji guda ɗaya ce, kowane sara ita ake yi. Ba haka ba ne. Ana samar da ita ne ta hanyar sa wa doki ko tunkiya dafin wani maciji kaɗan-kaɗan, sannan a tace garkuwar da jininsu ya haɗa. Saboda haka kowace allura tana aiki ne a kan macizan da aka yi ta dominsu. EchiTAb-G, wadda aka yi a Birtaniya, ta kububuwa ce kaɗai. EchiTAb-Plus, wadda ake yi a Kosta Rika, ta haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. An gwada su biyun a kan majinyata 400 a asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010. Ba a yi ko ɗaya daga cikinsu domin wancan baƙin maciji mai shiga rami ba, balle wani baƙo daga Asiya. Hatta alluran da aka yi da dafin macizan Indiya an tabbatar ba sa yin aikin kirki a kan kububuwarmu.

Wadda ake da ita ɗin ma ba ta wadata ba. Kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, allurar da ƙasashen Afirka da dama suka dogara da ita, ragowarta ta ƙarshe ta lalace a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da shi duk shekara. A nan gida, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nuna cewa manomi da makiyayi ne suka fi ɗanɗana wannan ƙarancin. Kowace kwalba da aka ƙarar a kan wanda ya jawo wa kansa, an hana ta wanda aka sara yana noman abin da za mu ci.

To, a ce ka yi sa'a macijin naka ba shi da dafi. Saura ƙwayar cutar Salmonella, wadda macizai da ƙadangaru da kunkuru ke ɗauke da ita a hanjinsu ba tare da sun yi ciwo ba. Tana fita a kashinsu, ta manne a fatarsu da akwatinsu da hannun mai taɓa su. Ita ce ta sa Amurka ta haramta sayar da ƙananan kunkuru tun 1975. Ga babba mai ƙarfi, zawo ne da zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ga jariri, da tsoho, da mai juna biyu, da mai raunin garkuwar jiki, tana iya shiga jini. Uwargida, idan kina da yaro mai sikila, ki riƙe wannan da kyau: Salmonella tana cikin manyan ƙwayoyin da ke haddasa ciwon ƙashi ga masu sikila, ciwon da ke cin makonni ana allura.

Sai batun ciyarwa. A ƙasashen waje ana sayen ɓerayen da aka kiwata musamman aka daskarar. Kai kuwa sai dai ka ɗana tarko a bayan sito, ka shigo da ɓeran kwata cikin gida da hannunka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa. Kuma macijin da ke cikin akwati ɓera ɗaya yake ci a mako ko fiye, alhali uwar ɓera ɗaya tana haihuwar 'ya'ya da yawa sau da dama a shekara. Maganin ɓera yana ga toshe ramuka da siminti, da rufe abinci a mazubi mai murfi, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da kwashe shara, da sare ciyawa.

Ita ma dabbar tana da haƙƙi. Wasu daga macizan Asiya na kan duwatsu ne masu sanyi, ba za su jure zafin Kano na watan Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 ga wuta ba tabbas. Wanda ya rayu kuma yana iya kai shekara 15 ko fiye. Amana ce mai tsawo. Matashin da ke son macizai da gaske, sha'awarsa abar yabo ce, sai dai wurinta Gidan Zoo na Audu Bako da ajin nazarin dabbobi a jami'a. Ƙasar nan tana bukatar masanan macizai.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, ko na gida ne ko na kango, kada a tsaya gardamar yana da dafi ko ba shi da shi. A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe da agogo da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wurin mai magani. Kada a ba shi aspirin ko ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara zubar jini; paracetamol ya isa. Idan tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kada a bi macijin don a kama shi. Hoto daga nesa ya wadatar. A asibiti za a ɗebi jini a ajiye minti 20 a ga ko zai daskare, kuma za a iya maimaitawa, domin dafin kububuwa yakan yi shiru kafin ya bayyana. Jin sauƙi a daren farko ba sallama ba ce.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.