Majigi Da Taɓin Hankali: Nasiha Ga Ɗaliban Jami'a

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, kwanan baya wani dattijo ya same mu bayan sallar La'asar a nan Daura, ya ce ɗansa da ke aji uku a jami'a ya komo gida a tsakiyar zango, ba barci, ba cin abinci, sai magana shi kaɗai. Abin da ya fi tsaya wa uban a rai shi ne kada maƙwabta su ji, domin yaron yana da ƙanne mata da ba a aurar ba. Da muka bincika, ashe abokan ɗakinsa sun yi wata uku suna ganin alamun, amma suka mai da shi abin dariya, wasu na cewa karatu ya taɓa shi, wasu na cewa ƙwaya ce.

Mutanen ƙasar Daura sun san inda irin wannan ɓoyo yake kai mutum. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garin nan, suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Galibinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara. Ba mu ce dukansu masu taɓin hankali ba ne, amma kunyar da ke sa uba ya ɓoye ɗansa ita ce dai ke sa ya miƙa shi inda ido ba ya gani.

Alhali kuwa shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alƙalami, ta wajabta wa waliyyinsa tsare lafiyarsa da dukiyarsa. Magabata ma ba su tsaya ga tofi kaɗai ba. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya rarrabe baƙin ciki mai dalili da wanda ke faɗa wa mutum ba gaira ba dalili. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana karɓar masu wannan larura kamar sauran majinyata. A ƙasarmu ma, a farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. To, doka tana hana zalunci, amma ba ta cire ƙyama daga zukata.

Nan ne muke ganin amfanin majigi. Dattawanmu suna tuna zamanin da motar majigi take zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a dandali, a nuna wa jama'a tsabta da noma, kamar yadda aka yi da Baban Larai. Gani ya kori ji. Yau ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disamba 2019, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a Daura, ga kuma 'ya'yanmu a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma. Likitoci sun ce kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin mutum ya cika shekara 25, watau daidai lokacin karatun jami'a. Saurayin da ba zai iya buɗe baki ya ce "ni ne" ba, yana iya magana a kan mutumin da ya gani a fim, daga nan sannu a hankali ya gangaro ga abin da ke damunsa.

Ga misali, akwai fim ɗin A Beautiful Mind na 2001, wanda aka gina kan rayuwar John Nash, masanin lissafi ɗan Amurka. Ciwo ya kama shi a 1959 yana cikin ganiyarsa, ya sha kwanciya a asibiti, daga baya ya sami sauƙi, har aka ba shi kyautar Nobel a 1994. Ɗalibin da ya kalli wannan zai fahimci cewa ciwon ba alamar daƙiƙanci ba ne, kuma ana samun sauƙi.

Mun san wasu 'yan'uwanmu malamai za su ce da ma fim ne ya lalata tarbiyya. Ba mu manta ba cewa a 2016 ƙorafin malamai ya sa gwamnati ta janye shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa ta jihar Kano. Tsoronsu yana da tushe. Mu ma muna da namu ƙorafin, domin sau nawa aka nuna mahaukaci a fim da tsumma da gwangwani don a ba mutane dariya? Amma wuƙa da ita ake yanka layya, da ita ake ta'adi, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita.

Saboda haka muna ba ƙungiyoyin ɗalibai shawara bisa sharuɗɗa huɗu. Na farko, malamai su fara kallon fim ɗin, a tsallake abin da ya saɓa wa ladabi. Na biyu, a gayyato likita ko ma'aikacin jinya mai ilmin wannan fanni, domin masu fim sukan ƙara gishiri. Shi kansa Nash an nuna shi yana ganin mutanen da babu su, alhali muryoyi ne aka ce yana ji. Na uku, a sami malamin addini da zai bayyana cewa addu'a da shan magani ba kishiyoyi ba ne. Na huɗu, kada a kama sunan kowa a wurin tattaunawa, kuma kafin a watse a faɗa wa ɗalibai ƙofar da za su ƙwanƙwasa, tun daga asibitin makaranta har zuwa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kaduna da Kware.

Shi kuwa dattijon nan, mun ce masa ya kai yaro asibiti da rana tsaka, ya ci gaba da addu'a, kuma ya gaya wa danginsa gaskiya. Ku kuma ɗalibai, ku tuna abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wanda kuka yi wa dariya bana, baɗi yana iya zama shi ne mai riƙe hannunku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu.