Sikotlan a 2024: SNP ta sha kaye, Salmond ya mutu, amma maganar ɓallewa na nan daram

Da safiyar 25 ga Afrilun 2024, Babban Ministan Sikotlan Humza Yousaf ya kira shugabannin jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli zuwa fadarsa da ke Edinbura, ya shaida musu cewa ƙawancen gwamnatinsu ya ƙare. Bayan kwana huɗu shi kansa ya tsaya gaban 'yan jarida yana sanar da murabus.

Mutane da dama sun bi labarin Yousaf ne saboda shi ne Musulmi na farko da ya jagoranci gwamnatin yankin, kuma surukansa sun maƙale a Gaza a farkon yaƙin 2023. Sai dai abin da ya kayar da shi lissafi ne kawai. Jam'iyyarsa ta SNP na da kujeru 63 cikin 129 na majalisar Sikotlan, ba ta da rinjaye sai da ƙuri'u bakwai na Green. Mako guda kafin nan gwamnati ta janye alƙawarin rage hayaƙi mai gurɓata yanayi da kashi 75 cikin 100 nan da 2030, abin da ya harzuƙa 'yan Green. Yousaf ya riga su yanke igiyar, yana zaton za su ci gaba da mara masa baya daga gefe. Suka ce za su kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa.

Daga nan makomarsa ta koma hannun mace ɗaya, Ash Regan, wadda ta fice daga SNP ta koma Alba, jam'iyyar Alex Salmond. Wato mutumin da SNP ta raba gari da shi ne ya wayi gari yana gindaya mata sharaɗi. Yousaf ya zaɓi ya sauka.

John Swinney ya karɓi ragama a watan Mayu ba tare da hamayya ba. Ya taɓa shugabantar jam'iyyar daga 2000 zuwa 2004, kuma komawa ga tsohon hannu alama ce ta jam'iyyar da ke neman wurin fakewa. Bai yi wata biyu ba aka yi babban zaɓen Birtaniya ranar 4 ga Yuli. SNP, wadda ta ci kujeru 48 a 2019, ta tsira da tara kacal. Leba, wadda ta samu kujera ɗaya a wancan zaɓe, ta kwashe 37 cikin 57.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shekara 17 jam'iyyar ta yi tana mulki, jama'a na ƙorafi kan dogon jira a asibitoci, ga kuma binciken 'yan sanda kan kuɗaɗen jam'iyya, wanda a watan Afrilu ya kai ga tuhumar Peter Murrell, tsohon babban jami'inta kuma mijin Nicola Sturgeon a lokacin, da wawure kuɗi. Wasu kuma sun zaɓi Leba ne don kawai su ga bayan gwamnatin Conservative a Landan.

Amma wanda ya ɗauki wannan kaye a matsayin jana'izar neman 'yancin kai ya yi gaggawa. SNP ta samu kusan kashi 30 na ƙuri'un Sikotlan, alhali binciken jin ra'ayi ya ci gaba da nuna cewa kusan rabin jama'a na son ɓallewa daga Birtaniya. Dubban masu son 'yanci sun juya wa jam'iyyar baya ba tare da sun sauya ra'ayi ba. Matsalarsu ita ce hanya: a 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce majalisar Edinbura ba ta da ikon shirya ƙuri'ar raba gardama sai da yardar Landan, kuma Keir Starmer bai nuna alamar zai bayar ba.

Ana cikin haka Salmond ya yanke jiki ya faɗi ranar 12 ga Oktoba a garin Ohrid na Masedoniya ta Arewa, jim kaɗan bayan ya yi jawabi a wani taro. Bugun zuciya ne, yana da shekara 69. Shi ne ya kai SNP gwamnati a 2007, ya samo mata rinjaye a 2011 a majalisar da aka tsara ta yadda zai yi wuya jam'iyya ɗaya ta mamaye, sannan ya shawo kan David Cameron aka yi ƙuri'ar 2014, inda kashi 45 suka zaɓi ɓallewa. Kotu ta wanke shi daga zargin cin zarafin mata a 2020, amma shi da Sturgeon, wadda ya raina a siyasa, ba su shirya ba har ya mutu. An binne shi a ƙauyen Strichen da ke Aberdeenshire.

Makonni uku bayan haka Janey Godley, 'yar barkwancin Glasgow da ta yi suna wajen ɗora muryarta a kan jawaban Sturgeon lokacin korona, ta rasu sakamakon cutar daji.

Swinney dai ya rage yawan maganar ƙuri'ar raba gardama, ya karkata ga asibitoci da talaucin yara. Kasafin kuɗin da gwamnatinsa ta gabatar a Disamban 2024 ya buƙaci ƙuri'un 'yan hamayya kafin ya wuce, kuma an tsara gudanar da zaɓen majalisar Sikotlan a Mayun 2026.