Waƙar da ta cire daga lamba ta uku

Wannan makon ban zo da zancen rigakafi ko zazzaɓin yara ba. Zancen waƙa na kawo, kuma kafin ki ce yau nas ta rasa abin rubutawa, ki daure ki karanta har ƙasa.

Akwai ɗiyar yayana a hannuna, shekararta 16. Tun da auren iyayenta ya mutu, shekara uku ke nan, aka kawo mini ita. Yarinya ce mai shiru, ba ta da rashin kunya, sai dai kullum iyafis na toshe a kunnenta, ko wanke-wanke take ko shara. Wata Asabar na dawo daga aikin dare, idona kamar an watsa yashi, na same ta a tsakar gida da littafin rubutu a cinya. Raina ya yi fari, na ce yau karatu ake yi. Da na leƙa sai na ga sunayen waƙoƙi ne a jere daga 1 zuwa 12, an soke wannan, an ja kibiya daga wancan zuwa sama, an rubuta wani a gefe da jan bairo.

Na ce, "Ke kuma wannan wane darasi ne?"

Ta ce, "Gwaggo, albam nake gyarawa." (Na hana ta wannan Gwaggon, tsofar da ni yake yi, amma ta ƙi ji.)

Na ce, "Mai albam ɗin ce ta aiko ki?"

Ta yi dariya ta ce ai kowa yana yi. Na wuce ɗaki ina mita, na ce yaran yanzu ba su san darajar lokaci ba. Sai da na kwanta barci ya ƙi zuwa na tuna cewa ni ma na yi, kuma ke ma da wuya in ba ki yi ba. Kin tuna lokacin kaset? A sayi sabo wanda ba komai a ciki, a kai wa mai ɗaukar waƙa tare da takarda: wannan ta Indiya a farko, ta fim ɗin Hausa kaza ta biyo baya, waccan kada ka sa ta ko kyauta ce. Kaset mai lamba 60 minti talatin yake ɗauka a kowane gefe, shi ya sa sai an yi lissafi, in ba haka ba waƙar da kika fi so ta yanke a tsakiya. Da kaset ya wuce muka koma wurin masu tura waƙa a memori. Abin da yaranmu ke yi yau a waya jikan wancan ne. Bambancin kawai, mu tsintar waƙoƙi muke daga ko'ina, su kuma albam guda na mawaƙi guda suke ɗauka su sake masa zubi.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan ɗabi'a ta tsufa, kuma faifan garmaho ne ya haife ta. Babban faifan da ya fito a 1948 bai ɗaukar fiye da kamar minti 22 a kowace fuska. Mawaƙi ya yi waƙa ashirin, wuri ya ɗauki goma sha biyu, dole a bar wasu a waje. Ina ake kai su? Akwai ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ta gaba ita ce ake tallatawa a rediyo, ta baya kuwa cike gurbi ce, kamar 'yar rakiyar amarya. To amma sau da yawa 'yar rakiya takan fi amarya kyau. A 1978 wata mawaƙiyar Amurka, Gloria Gaynor, ta fitar da faifai da waƙar "Substitute" a gaba, aka jefa "I Will Survive" a baya. Masu sa kiɗa suka juya faifan, ta bayan ta kama gari har ta hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila a 1979. Ta gaban kuwa yau sai an yi bincike kafin a tuna sunanta. Tun daga irin wannan masoya suka gane cewa kamfani da mawaƙi ba kullum suke zaɓar daidai ba.

Wani lokacin kuma yawa ne matsalar. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da albam mai waƙa 30 a 1968, mai farin bango. Wanda ya tsara musu sautin, George Martin, ya so a tace a bar faifai ɗaya mai ƙarfi, suka ƙi. Fiye da shekara hamsin ke nan masoyansu na zama kowa na fitar da nasa zaɓin, ana musu kamar musun wa ya fi iya dambun nama a dangi.

Sai kuma waƙoƙin gyara. Haka nake kiransu, don daidai suke da gyaran da mai tumatir ke ƙara miki bayan kin biya. A Japan, alal misali, faifan da aka buga a gida yakan fi wanda aka shigo da shi tsada, sai kamfanoni su ƙara waƙa ɗaya ko biyu don mai saye ya ga dalilin biyan ƙarin. Yanzu ma haka ake yi ta wata siga: a fitar da albam, bayan 'yan watanni a sake fitar da shi da ƙarin waƙoƙi. Wizkid ya yi haka da "Made in Lagos", ya fito a 2020, aka sake kawo shi da ƙari a 2021. Gyaran mai tumatir kyauta ne. Wannan kuwa hanya ce ta sa ki saya sau biyu, ko ki ƙone data sau biyu.

Mu koma kan ɗiyata. Albam ɗin da take gyarawa na Adele ne, mawaƙiyar Ingila, mai suna "30", wanda ya fito a Nuwamba 2021. Abin dariyar shi ne, in akwai mawaƙiyar da ba ta son a taɓa mata jeri, to ita ce. Lokacin da albam ɗin ya fito ta roƙi Spotify su daina sa maɓallin kunna albam yana cakuɗa waƙoƙi, don a cewarta albam labari ne da aka sha wahalar jerawa, ya kamata a ji shi yadda aka tsara. Kuma suka amsa mata. Ina ganin tana da gaskiya rabi. Wanda ya dafa abinci ya cancanci ki ɗanɗana kafin ki zuba yaji. Amma in kin ɗanɗana, kwanon naki ne.

Da yamma na ce ta kawo littafin in gani da kyau. Na lura ta soke waƙa guda gaba ɗaya ta maye gurbinta da wata. Akwai wata a albam ɗin da sunanta ma zancen shan giya ne, na ɗauka ita aka kora, har na fara shirin sa albarka. Ashe tana nan daram a lamba ta bakwai. Wadda aka cire ita ce ta uku, "My Little Love". A gurbinta ta sa ɗaya daga cikin waƙoƙin gyara uku da aka ƙara a faifan da shagunan Target na Amurka suka sayar, wadda ma'anar sunanta ita ce ba za mu iya zama tare ba. Wata ƙawarta ce ta tura mata.

Na ce, "Ita ta ukun me ta yi miki? Ba daɗi?"

Ta ce, "Ta fi duka daɗi."

"To?"

Ta yi shiru tana murza bairo. Na karɓi iyafis ɗin na saurara da kaina. Adele ta yi albam ɗin ne bayan mutuwar aurenta, kuma a wannan waƙar da ɗanta take magana. Har muryar yaron aka sa, ana jin suna hira, tana ƙoƙarin fahimtar da shi halin da take ciki, can ƙarshe kuma ana jin ta cikin kuka. Na cire iyafis na dubi yarinyar nan. Ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ita ta zauna ta yi wa ɗanta bayani. Ni tashi kawai na yi aka ce in haɗa kayana."

'Yar'uwa, shekara uku tana gidana. Na san nauyinta, na san ranar da al'adarta ke zuwa, ko tari ta yi na san wane iri ne. A asibiti ni ce mai faɗa wa sababbin ma'aikata cewa mara lafiyan da ya yi shiru ya fi mai ihu buƙatar a leƙa shi. Amma a gidana na ɗauki shirun yarinya a matsayin tarbiyya. Mu manya mun yi zamanmu, mun yanke hukunci, mun raba kaya, ba wanda ya ga ya dace a zaunar da 'yar shekara 13 a ce mata ga abin da ya faru, kuma ba laifinki ba ne. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar yaran yanzu tana sunkuye a kan waya, sai ki bi ta can.

Kada ki fahimce ni a baibai. Ban ce ki fizge wayar ɗiyarki ki zauna kina bincike kamar 'yar sanda ba. Ranar da kika yi haka, ranar za ta koyi ɓoyewa. Kuma ba kowace waƙa da yaro ya cire ke da ciwo a ƙarƙashinta ba. Sau tara cikin goma waƙar ce kawai ta gundure shi, ko ta yi tsawo, ko tana rage masa zafin rawa. Ki tambaya ne kamar mai son a koya mata: me ya sa wannan ta zo farko? Me ya sa ka kori waccan? Yaron da ba ya iya ba ki jimla biyu a kan makaranta zai iya yi miki bayanin minti ashirin a kan wannan, don a nan shi ne malami. In kuma kina leƙawa kika ga ƙaramin harafin E kusa da sunan waƙa, alama ce ta cewa akwai kalaman da ba su dace da yara ba. Ki sani, ki yi magana a kai, amma kada ki fara da shi, in ba haka ba hirar ta mutu tun ba a soma ba.

A daren na kira mahaifiyarta, wadda ta yi wani auren a wani gari. Ba hira ce mai daɗi ba, don tsakaninmu akwai tsohon tabo, kuma yayana bai ji daɗin da na kira ba tare da na faɗa masa ba. Mun dai tsaya a kan za ta riƙa kiran yarinyar duk Juma'a, in an yi hutu kuma ta je ta yi mako biyu. Kira uku aka yi zuwa yanzu. Na farko gaisuwa ce kawai da shiru, na ukun ya kai kusan awa ɗaya, ta fito daga ɗaki ido ya kumbura, ta ci tuwo da yawa.

Shekaranjiya na sake ganin littafin a kan tabarma. Waƙar gyaran tana nan a lamba ta uku. Amma a can ƙasa, bayan ta goma sha biyu, ta ƙara lamba 13 da fensir ta rubuta "My Little Love". Na tambaye ta dalili. Ta ce a nan ta fi, don in ta ga ba za ta iya ba, sai ta kashe kafin a kai wurin.