Tambarin Kifi: Takarda Muke Ci Ko Tarwaɗa?



Kwanan nan wata sabuwar magana ta shigo layin 'yan kifi. Wasu masu gonakin tarwaɗa sun fara zuwa mana da takarda a hannu, wai shaida ce cewa kiwonsu mai tsafta ne, ba ya ɓata ruwa, ba ya cutar da mai ci. Saboda takardar nan sai a ɗora mana ƙari a kan kowane kilo. Har mun ji wasu daga cikinmu na cewa a daina sayen kifin duk wanda ba shi da ita. To mu dai mun ce a dakata.

Ba raina takarda muke yi ba, mun san ranarta. A shekarar 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya, har da bandarta, saboda hukumominmu ba su cika takardun da aka nema a kan yadda ake duba kifin ba. Wanda zai kai kaya Turai ko Amurka, dole ya bi ƙa'idarsu. Amma mu nan, Iya mai abinci da magidancin da zai sayi na cefane muke sayar wa.

Mu duba yadda abin yake ma a can inda aka ƙirƙiro shi. Ɗaya daga cikin tambarin da suka fi suna a duniya shi ne na ASC, wanda ƙungiyar WWF da wata ƙungiyar ƙasar Holan suka kafa a 2010. Takardarsu shekara 3 take yi, ana zuwa dubawa duk shekara. Wa ke biyan mai dubawar? Mai gonar! Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma tarwaɗa cikin wata 4 zuwa 6 take isa sayarwa. Ke nan tsakanin zuwan mai duba da dawowarsa an kwashe kifi sau biyu, an ci, an wanke hannu. Idan na Turawan ke nan, ina ga takardar da ba mu san ofishin da ya buga ta ba?

Sai kuma ƙaramin mai kiwo, mai tafki biyu ko uku a bayan gida. Kuɗin abincin kifi kaɗai ya cinye masa mafi yawan jari, ina ya ga na biyan mai duba? Da yawansu shekara da shekaru muke hulɗa da su, su ba mu kaya bashi, mu biya in an yi ciniki. Ranar da muka juya musu baya saboda takarda, mun miƙa wuyanmu ga manya biyu ko uku, su yanka mana farashin da suka ga dama.

Abin da ya kamata a tambaya a bakin tafki a fili yake. Ina ake zubar da ruwan da aka canza, a lambatun unguwa ko a rafin da mutane ke ɗiba? Me ake ba kifin, abinci na ƙwarai ko mushen kaji? In an zuba masa magani, kwana nawa ake jira kafin a kwashe? Ɗan kifin da ya shekara goma a sana'a, zuwa ɗaya zai yi ya gane. Gani ya kori ji.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kifi zai iya barin gona lafiya lau, ya zo ya lalace a hannunmu. Kowa a layin nan ya san akwai masu yayyafa wa banda Sniper don kada ƙwari su ci. Guba ce, ba maganin ajiya ba. Sinadarin da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwa. Wace takarda ce daga gona za ta kare yaron da ya sha miyar wannan kifin? Kuma in abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ba sunan mutum ɗaya za a kira a garin nan ba. Cewa za a yi kifin Hausawa ne.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kifi, da yardar Mai Girma Sarkin Hausawa, a naɗa dattawa uku masu ido. Su riƙa zuwa gonakin da muke sari ba tare da sanarwa ba, mai takarda da marar takarda duk ɗaya. Kuɗin motarsu daga asusun ƙungiya, kada su karɓi ko kifi ɗaya na kyauta. Su kuma zaga rumfunanmu. Wanda aka kama da guba, a ƙona kayan a gaban jama'a, a dakatar da shi, ko ɗan wane ne.

Iyayenmu da suka kafa unguwar nan ba da tambari suka yi suna a goro da shanu ba, da amana suka yi. Ita za mu riƙe.

Allah Ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi. Amin.