Motar da Ke Ƙin Tashi Idan Direba Ya Sha

A shekarar 1986 ne jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta ba alƙalai damar sa wata na'ura a motar wanda aka kama yana tuƙi cikin maye. Kafin mota ta tashi, sai direba ya hura numfashi cikin bututun na'urar. Idan akwai barasa a numfashin, takan taɓa wani ƙarfe mai suna filatinam, ta haifar da ɗan lantarki. Gwargwadon yawan barasa, gwargwadon ƙarfinsa. Da ya wuce ƙa'ida, ko an murɗa makulli injin ba zai amsa ba.

Mashayi ba ya rasa dabara, yana iya sa abokinsa ya hura masa. Shi ya sa na'urar kan nemi a sake hurawa ana cikin tafiya.

Wannan hukunci ya fi ƙwace lasisi amfani, domin da yawa cikin waɗanda aka ƙwace wa suna ci gaba da tuƙi a ɓoye. A 2005 jihar New Mexico ta wajabta na'urar har ga mai laifin farko.

Sai dai bincike ya nuna cewa maimaita laifin kan ragu da kusan kashi 2 cikin 3 muddin na'urar tana jikin mota, amma da an cire ta sai a koma gidan jiya. Ashe kuskure ne kotu ta cire ta don wa'adi ya cika kawai. Na'urar tana ajiye bayanin kowane numfashi da aka hura mata. Shi ya kamata alƙali ya duba, wanda aka ga yana yawan faɗuwa a tura shi wurin likita kafin a sakar masa mota.