Daga Tirelar Challawa Zuwa Motar Tsere: Lissafin Haƙoran Giya

Duk wanda ke bin titin Panshekara zuwa makaranta ya san yadda tirela ke fitowa daga masana'antun Challawa da kaya niƙi-niƙi: injin na ruri kamar zai fashe, amma motar na tafiyar hawainiya, har mai keke ya wuce ta. Direba zai yi ta canza giya kafin ta miƙe. A nan akwai darasin da motar tsere ta Amurka ma ba ta wuce shi ba.

Mu fara da keke, tun da kowa ya taɓa hawa. A ce farantin da ke jikin feda yana da haƙora 44, ƙaramin na tayar baya kuma 22. Feda ta zaga sau ɗaya, taya ta zaga sau biyu. An samu gudu, amma ƙafa ce ke biya, domin tashi daga tsaye sai da nishi. A mota lissafin juyawa yake yi: injin ne ke zagawa da yawa, taya kaɗan. Idan aka ce giya 3 ce ga 1, ana nufin injin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya, ƙarfin murɗawar da ke isa taya kuma ya ninka kusan sau uku. Giya ba ta ƙara wa injin ko ƙwayar zarra ta ƙarfi. Musaya kawai take yi: ka ba da gudu ka karɓi ƙarfin ja, ko ka ba da ƙarfin ja ka karɓi gudu.

To, akwai wani irin tsere da Amurkawa suka shahara da shi: motoci biyu su jeru a tsaye, su tashi lokaci guda, su miƙe ba kwana har tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ita ce babba a wannan wasa, kuma an kafa ta ne don a janye matasa daga tsere a titin jama'a zuwa killataccen fili. A irin wannan gajeriyar tafiya, wanda ya yi kuskuren zaɓen giya ya sha kaye tun kafin a tayar da injin.

Masu hankalin cikinsu daga ƙarshen fili suke fara lissafi, su dawo baya. Ku ɗauko biro mu gwada. A ce injinmu ya fi ƙarfi a juyi 6,000 cikin minti ɗaya, kuma muna sa ran tsallake layin ƙarshe da gudun kilomita 180 a awa, wato mita 3,000 a minti. Faɗin tayarmu santimita 66 ne. A ninka da 3.14, kewayenta ya kama mita 2.07. A raba 3,000 da 2.07, taya za ta riƙa juyi kusan 1,450 a minti. A raba 6,000 da 1,450, an samu 4.14. Idan giya ta huɗu 1 ce ga 1, kamar yadda take a motoci da yawa, sai mu nemi giyar ƙarshe da ke tsakanin tayoyin baya mai 4.10, wato haƙora 41 a kan 10.

Me zai faru idan muka kauce? Da mun sa 3.55, injin zai iso layi yana juyi 5,150 kacal, tseren ya ƙare bai gama nuna abin da yake da shi ba. Da mun sa 4.56, zai haura 6,600, ya wuce inda ƙarfinsa yake, ko kuma direba ya taka kuloci ya shiga ta biyar ana dab da layi. A tseren da ake rabuwa da tazarar ƙiftawar ido, canjin giya ɗaya da bai zama dole ba asara ce.

Sai giya ta ɗaya, inda zumuɗi ke kayar da mutane. A ce 2.66 ce; a ninka da 4.10, ya ba da 10.9. Ƙarfin murɗawar injin ya ninka kusan sau goma sha ɗaya a taya. Wani zai ce a ƙara mana, a kai ashirin! Ai taya ba ta iya riƙe kwalta fiye da iyakarta. Da an wuce nan sai ta yi ta juyi a wuri ɗaya, hayaƙi ya tashi, 'yan kallo su yi ihu, abokin karawa kuwa ya yi nisa. Mu a ganinmu, hayaƙin tayar nan da samari ke wa tafi a wasan mota na biki, roba ce da fetur ke ƙonewa a banza.

Tazarar da ke tsakanin giya da giya ma abin dubawa ce. Daga 2.66 zuwa 1.78, injin zai faɗo daga 6,000 zuwa kusan 4,000. Daga 1.78 zuwa 1.30, zuwa kusan 4,400. Daga 1.30 zuwa 1.00, zuwa kusan 4,600. Kun lura tazarar na tsukewa yayin da gudu ke ƙaruwa? Da gangan ne, domin iska na ƙara turjiya, ba a so injin ya faɗo ƙasa da inda yake da ƙarfi. Wannan ne ma dalilin da tirela ke da giya barkatai: injin dizil ɗinta a ɗan taƙaitaccen juyi yake aiki sosai, ga kuma nauyi.

Abin mamaki, motocin da suka fi kowa gudu a wasan, waɗanda ake kira Top Fuel, ba su da giyar canzawa sam. Kuloci ne ke kamawa sannu a hankali. Suna haura kilomita 500 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008 aka rage musu fili zuwa mita 305. A killataccen wuri ke nan, mai katanga da motar kashe gobara da likitoci. Titin Panshekara kuwa tireloli ne da A Daidaita Sahu da yara 'yan makaranta ke tsallakawa, ba wurin gwaji ba ne.

Mu dawo kan babur. Za ku ji ana cewa a canza ƙaramin farantin sarƙa na gaba daga haƙora 14 zuwa 15, babur zai ƙara gudu. Idan na baya 42 ne, an sauko daga 3.0 zuwa 2.8. Injin zai rage kuka a doguwar hanya, amma ƙarfin ja ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ga mai ɗauko buhu daga Sharada, ko mai tsayawa da tashi a cunkoso, ciniki ne na faɗuwa, kuma ƙaramin injin ba lallai ya iya kai wa gudun da aka yi masa alkawari ba. Birki kuma yana nan yadda yake.

Ga aikin gida: mota mai tayar da kewayenta mita 2 ne, injinta ya fi ƙarfi a juyi 7,000, ana so ta tsallake layi da kilomita 200 a awa a giya mai 1 ga 1. Wace giyar ƙarshe za ku zaɓa, 3.73 ko 4.10 ko 4.56? Ku rubuto mana da amsa da dalili, tare da sunan makarantarku, kafin fitowa ta gaba.